Na Tafi Ingila Neman Alhaji Etal

Duk wanda ya ce maka tafiya mabuɗin ilimi ce, ka tambaye shi ko an taɓa kwance masa tazugen wando a filin jirgi saboda ƙasar da ya haƙo da hannunsa. In ya ce a'a, to bai yi tafiya ba, ziyara ya je. Ni Sha'aibu, tsohon malamin awon auduga, wanda ya yi aji huɗu a elemantare kafin malamai su gane asarar alli suke yi, na yi tafiya. Kuma har yau da nake wannan rubutu ban huce ba.

Lawali ɗan yayana ne, marigayi Abdu. A hannuna ya tashi a Gusau, uwarsa Hajo tana can gida Wanke. Yaron ya yi karatu har ya ƙure malamansa na nan, aka tura shi Ingila, ya zama dakta, ba na allura ba. Aikinsa ƙasa. Yana ɗaukar farar ƙasa irin wadda mata masu ciki ke ci a ɓoye, ya gasa ta a murhun lantarki har ta manta asalinta, ya dafa ta da wani ruwa mai cin hannu, sai ta koma gari mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. In ka zuba garin a ruwa mai gubar dalma, ƙofofin nan su kama dalmar su bar maka ruwanka. Haka ya bayyana mini, haka nake bayyana wa mutane, kuma wanda bai gane ba matsalarsa ce.

Yakan aiko mini da takardun da masana na wasu ƙasashe suka rubuta, mutanen Indiya da Sin da wata ƙasa Barazil, ya zagaye wani wuri da jan biro, wai nan ne suka ambaci aikinsa. Na kai majalisarmu ta bakin kasuwa ina taƙama. Taubashina Ɗan'ige na Tsafe, wanda bai taɓa ganin alheri ya bar shi ya wuce lafiya ba, ya karɓa ya kai hanci.

"To ina sunan yaron nan? Ni dai ban ga Lawali ba, ban ga Wanke ba."

Na karɓe na duba. Gaskiya ce, kuma ba abin da ya kai gaskiyar taubashi ɗaci. Cikin jan da'irar akwai sunan wani Bature mai farawa da B, wanda harshena ya ƙi, na raɗa masa Bawa. Bayansa kuma an rubuta et al. Kowace takarda haka: Bawa et al., Bawa et al.

"Shi wanga Et Al ɗin," in ji Ɗan'ige, "ai Alhaji ne. Ba ka ga Al ba, har da ɗigo? Alhaji Etal. Shi ka cin guminai. Yaro sunansa Wanke, sun ji suna sun ba shi wanke-wanke."

Na je ofishin waya na bi layi na kira Lawali. Ya yi dariya, amma ba irin wadda ke fitowa daga ciki ba. Ya ce et al. na nufin da sauransu, shi yana cikin sauran. Sannan ya faɗi abin da ya hana ni cin tuwo. Wa'adin zamansa zai ƙare bayan sanyi. Ya nemi kujerar koyarwa a can. Masu zaɓe suna buɗe wani babban kundi ne su ga sau nawa duniya ta ambaci mutum, kundin kuwa sunan farko kaɗai yake ɗauka. In ka nemi Wanke a ciki, kamar ka nemi kifi a kan dutsen Kwatarkwashi. Saura masa aiki ɗaya babba da zai fitar kafin masu zaɓen su zauna, kuma yana bukatar farar ƙasar bayan Tsafe, wadda aka aika masa ta gidan waya ta ɓace a hanya.

Da sauransu. Ku da kuka san gaishe-gaishen rediyo kun san wa ake sakawa a da sauransu: wanda mai gaisuwa ya manta, ko wanda yake fushi da shi. Na ce masa ya aiko da tikiti, ni zan kawo ƙasar da kaina, kuma ina so in ga Alhaji Etal ido da ido.

Lokacin bai fi shekara da yanke mana jihar Zamfara ba, kuma Turawa na fushi da ƙasarmu, jirgi ba ya miƙewa kai tsaye. Sai aka bi da ni ta Alƙahira. A nan aka zube mu a wani zaure mai faɗin filin Idi, aka ce mu jira. Ina da jaka mai ƙasa, ina da kwat ɗin soja mai nauyin buhun gero da Ɗan'ige ya ara mini, yana cewa in na dawo da shi da tabo ɗaya zai kai ni gaban alƙali. Azahar ta yi. Ina waige-waigen wurin alwala sai ga wani Balarabe mai tsabta, da carbi, da tabon salla a goshi wanda ya fi nawa girma. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya Hajji, Ya Hajji. Ya tambaye ni Najeriya, ya ce mutanen kirki, ya ja mini aya. Ya nuna mini famfo, ya yi alamar zai riƙe mini kaya. Na ce a raina, ga jikan Annabi Yusufa. Allah ya taimake ni na rataya jakar ƙasa a wuya, na ba shi kwat kawai.

Na idar da salla, babu Ya Hajji, babu kwat. Na je wurin wani ɗan sanda na haɗa Larabcin allo da Turancin auduga na yi masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna sama da yatsa. Wato in kai ƙara can. Na riga na kai, kuma ban janye ba.

Da babbar riga da 'yar shara na sauka Ingila. Sanyin ƙasar nan ba ya tsayawa a fata, ƙofa yake nema ya shiga ƙashi. Amma kafin sanyi ya same ni sosai, masu binciken kaya sun riga shi. Suka ga koren fasfo, suka ga tsoho, suka ce buɗe. Na buɗe. Ga farin gari a ƙulle cikin leda, an naɗe da tsumma, an ɗaure da igiyar rama yadda Hajo ta ɗaure shi don kada ya zube. Na ga fuskar jami'in ta canza kamar ta wanda ya tsinci dami a kala.

"Mene ne wannan?"

Na ce ƙasa ce.

"Ƙasa."

Na ce farar ƙasa, daga Tsafe, ta ɗana ce dakta. Ya kira wani, wanin ya kira wata mata da kare. Na ga magana na neman tsawo, na ce bari in gajarta musu. Na tsoma yatsa cikin garin na lasa, na buɗe musu baki su gani, don kowa a garinmu ya san wanda ya ci farar ƙasa ba ya maye. Ashe a wurinsu haka masu fataucin hodar Iblis ke ɗanɗana kayansu. Ban rufe baki ba na ji hannu a kowace kafaɗa.

Abin da ya faru a ƙaramin ɗakin nan ba zan rubuta shi duka ba, jikokina sun iya karatu. Hula, riga, 'yar shara, tazuge. Mutumin da ya yi shekaru yana hana manoma zuba tsakuwa a buhun auduga daga Bungudu har Nahuce, mutumin da ba a taɓa kama sikelinsa da ƙarya ba, shi ne aka tsayar kamar kazar da aka fige, kare na shinshina masa gwiwa. Karen ma, don adalci, shi ya fara gane ba ni da laifi. Ya yi atishawa ya koma gefe ya kwanta. Mutanen ne suka ɗauki lokaci. Sai da suka ɗiga wa garin ruwaye kala-kala ya ƙi canza launi, sannan wani ya tuna ya tambaye ni ko ina da izinin shigo da ƙasa. Ina da shi. Lawali ya aiko, yana cikin aljihun rigar da suka tuɓe mini. Ba wanda ya tambaya tun farko, ni kuma ba a koya mini ba wa mutum amsar da bai nema ba.

Ba su ce yi haƙuri ba. Suka ce ina iya tafiya.

Lawali bai samu zuwa tarye na ba, an ɗaure shi da wani gashin ƙasa da ba a barinsa, sai ya rubuto mini jirgin ƙasan da zan hau zuwa garinsu can arewa. Na zauna kusa da taga haƙorana na kaɗa kalangu. Ƙasa kore shar, tumaki ƙato-ƙato ba makiyayi, ba kowa a gona, ba mai ɗaga maka hannu. Na tuna a lokacin ana can ana yankan dawa a Wanke, ana gasa sabuwar gyaɗa a bakin gona. Wata tsohuwar Baturiya da ke fuskantata, mai gashi kamar audugar daraja ta ɗaya, ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Na shirya ma wani sabon wulakanci. Sai ta buɗe jaka ta fito da gorar shayi, ta zuba a murfi ta miƙo. Ba sukari, amma na sha kamar zuma. Ta kwance mayafin ulu daga wuyanta, ta miƙe da ƙyar, ta naɗa mini da kanta, ta cusa bakinsa cikin rigata kamar mai shirya yaro makaranta. Ba ta tambaye ni daga ina nake ba. Da ta zo sauka na fara kwancewa, ta buge mini hannu. Ita kaɗai ce ta sa ban haɗa ƙasar gaba ɗaya na yi mata Allah ya isa ba.

Lawali na tsaye a tasha. Ya rame, gashin gaban kansa ya fara ƙaura. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa, ya ce, "Baba, sannu da hanya. Ina kwat?"

Na ce, "Ya tafi karatu Azhar. Ina Alhaji Etal?"

Washegari ya kai ni wurin aikinsa. Ɗaki ne mai warin asibiti da na maƙera a haɗe. Kwalabe, bututai, murhu mai kama da akwatin ƙarfe wanda in an buɗe shi sai ka tuna wa'azin Juma'a. Na zauna a kujera mai juyawa ina kallonsa kwana da kwanaki. Shi ke zuwa kafin kowa. Shi ke niƙa, shi ke awo da wani sikeli da ke cikin gilashi don kada numfashi ya ƙara masa nauyi, abin da ya sa na ji kunyar sikelina na auduga. In abu ya ƙi wa ɗalibai, Lawali suke kira. Wani Bahindiye ya zo daga wata jami'a takanas don ya ga yadda ake gashin, na gan shi yana rubuta duk abin da Lawali ya faɗa. Da zai tafi ya tambayi ina Bawa yake, yana so ya gaisa da mai hanyar.

Bawa na gan shi. Dogo ne mai jan kunne, mai ladabi, yana kula da wata na'ura mai haska garin ta zana tsaunuka a takarda. Aikinsa ke nan a ciki, kuma ya iya. Da Bahindiyen ya kama hannunsa yana girgizawa, kunnen nan ya ƙara ja, ya nuna Lawali yana cewa shi ne, shi ne. Ban ji haushinsa ba. Ɓarawon da aka cusa wa kaya a aljihu yana barci ba ɓarawo ba ne.

Na ce wa Lawali ya kai ni wurin maigidansu.

"Baba, ba a yin haka nan."

"An tuɓe ni a kan ƙasar ga. Ko ka kai ni ko in bi ƙofa-ƙofa ina sallama."

Farfesan tsoho ne mai gemu kamar na masara, ofishinsa takardu har rufi. Ya tashi ya ba ni hannu, ya sa aka kawo shayi da biskit. Na ce Lawali ya yi tafinta, don fushina ya fi Turancina yawa.

Na ce, "Gaya masa a garinmu wanda ya yi noma shi ke ɗaukar dami na farko. Wanda ya ci gumin maraya kuwa wuta zai ci."

Lawali ya juya ya yi Turanci mai laushi. Na tsinci kalmar godiya a ciki, da kalmar murna.

Na ce, "Kai, Lawali. Aji huɗu na yi, ba aji sifiri ba. Ina wutar?"

"Baba, zan kawo ta a hankali."

"Kawo ta yanzu tun tana da zafi."

Ya share gumi ya faɗa, ko rabinta. Farfesan bai yi fushi ba, wanda ya ƙara ba ni haushi. Ya gyara tabarau ya yi dogon bayani, Lawali na juyawa. Wai shi bai taɓa cin hakkin kowa ba. Wai tun yana saurayi ya ga yadda masana ke ɓatawa har kabari a kan wa zai zo farko, sai ya bi al'adar malaminsa, wadda shi ma ya gada daga nasa malamin: a ɗakinsa ana jera sunaye bisa haruffa, A, B, C, ba babba ba yaro, ba wanda zai ce an fifita wani. Ya ce in duba, shi kansa sunansa da T ya fara, kullum yana can baya kusa da Lawali.

Na jawo takarda ɗaya daga teburinsa na duba. Haka ne. Amma kusa da sunansa akwai ɗan tauraro.

"Wannan fa?"

Lawali ya ce alama ce ta maigida, wanda za a rubuto wa in ana da tambaya.

Na ce, "To gaya masa wanda ya zauna a sahun baya da rawani da 'yan rakiya ba a sahun baya yake ba. Gaya masa ya ba ka farko a wannan aiki ɗaya. Ɗaya tak. Ƙasarmu ce, hannunka ne, tazugena ne."

Wannan karon ya faɗa duka, har tazugen. Farfesan ya shafa gemu. Ya ce ya san Lawali ne ƙashin bayan aikin, zai rubuta wa masu zaɓe haka da hannunsa. Amma in ya karya ƙa'ida yau saboda mutum ɗaya, me zai ce wa duk waɗanda suka wuce ta ƙarƙashinta? Ya ce adalci ke nan. Na ce wa Lawali ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an yi wa kura da akuya adalci ta hanyar ɗaure su da igiya mai tsawo ɗaya. Lawali ya ce wannan ba ta juyuwa. Na tashi na bar wa farfesa biskit ɗinsa.

A barandar ne abin ya faɗo mini, har na tsaya cik. W. Yaron nan ba Wanke ba ne sunan ubansa. Ranar da aka sa shi firamare a Gusau, hedimasta ya tarar da masu suna Lawali Abdu sun yi masa yawa a aji, sai ya raba musu garuruwansu kamar mai rabon goro: kai Lawali Nahuce, kai Lawali Karakkai, kai Lawali Wanke. Haka ya bi shi har takardar dakta. Da an bar masa Abdu, da shi ne liman a kowace takarda, da Bawa da farfesa da tauraronsa duk suna bayansa cikin da sauransu. Wani hedimasta mai gaggawar zuwa cin abinci ya tura ɗan yayana ƙarshen layi a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Na ce, "Ka koma Abdu."

"Baba, duk abin da na rubuta da Wanke na rubuta shi. In na canza, na zama mutum biyu, kowanne da rabin aiki. Mai neman wancan ba zai ga wannan ba."

Muna tafe muna wannan sai idona ya faɗa kan wata ƙofa. Sunan mai ofishin biyu ne, an haɗa su da ɗan gajeren layi kamar sanda a tsakiya. Na tambaya. Ya ce wasu kan haɗa sunan gida biyu haka. Na ce to me ya hana Abdu ya riƙe sanda, Wanke ya riƙe ɗaya bakin, kamar makaho da ɗan jagora?

Lawali ya tafi da maganar har gida. Kwana biyu yana juya abin. Ya ce sai an je an yi rantsuwa gaban lauya, sai an sanar da hukumar makaranta, kuma wasu za su ce dabara ce. Na ce dabara ce mana, su tasu ƙa'idar wahayi ce? A rana ta uku muna cin wata shinkafa mara gishiri ya ajiye cokali.

"Baba, ka san sunan babana bai taɓa shiga takarda ba in ba ta haraji ba?"

Na ce na sani.

"Zan yi. Ko ba don kujerar ba."

Farfesan, in ba shi hakkinsa, bai yi gardama ba. Ya ce suna na mai shi ne, ƙa'ida kuma ƙa'ida ce, A na gaban B. Har ya yi murmushi cikin gemun masarar. Na ga an buga shafin farko na gwaji: L. Abdu-Wanke, sannan Bawa, sannan mai tauraro. Na sa Lawali ya karanta mini da ƙarfi, na sa ya maimaita. Na dawo gida da mayafin tsohuwa a wuya cikin zafin Kano, na shiga motar Gusau ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Na je Wanke na gaya wa Hajo sunan mijinta zai shiga Sin da Indiya. Ta rufe fuska da gyale ta ce, "Sha'aibu, ƙaryarka ta tsufa amma ba ta rasa haƙori ba." Ɗan'ige kuwa na saya masa kwat a gwanjo, ya ce wannan na ɗan sandan da ya mutu da tari ne, amma ya karɓa.

Damina ta faɗi, mujallar ta iso. Na ƙi buɗewa sai a majalisa, don a yi komai gaban shaidu. Na sa tabarau, na nemo shafin. Sunan farko ba namu ba ne. Wani suna ne, A, sannan B, sannan wata B. Abdu-Wanke na biye da shi.

Ɗan'ige ya leƙo ta kafaɗata ya haɗa baƙin. "Abba. To, ga Alhaji Etal ya aiko ɗansa."

Na tafi ofishin waya da ƙafa, ban jira kabu-kabu ba. Lawali ya ce mace ce ma, sabuwar ɗaliba. Masu tace mujallar sun nemi a ƙara awo ɗaya kafin su buga, na'urar da ake bukata ita ke riƙe da ita, ta yi awon cikin mako guda. Duk wanda ya sa hannu sai an sa sunansa. B na gaban D.

"Shi gemun masara bai ce komai ba?"

"Ya ce abin takaici ne ƙwarai."

"Ita fa?"

"Ta je ta roƙe shi a mayar da ita baya, har da kuka. Ya ce in ya yi mata, ya karya."

Yanzu duniya na ambaton Abba et al. An ce aikin ya yi farin jini fiye da duk na baya, har wasu a wata ƙasa sun gina matatar ruwa a kansa. Kujerar kuwa aka ba wani. Farfesan ya cika alkawari ya rubuta musu yabo, suka karanta, suka buɗe kundinsu, suka ga abin da suka gani.

Lawali ya dawo. Wata jami'a ta nan arewa ta ɗauke shi, inda murhunsa ke jiran wuta kamar manomi na jiran hadari, in ta zo a guje a kunna, in ta ɗauke a tsakiyar gashi a zubar a sake. Na yi zaton zai karye. Bai karye ba, ya tara ɗalibai yana ta fama, har ya haɗa wani murhun na gawayi da mafitar maƙera. Ni dai abu ɗaya na riƙe a raina: yanzu shi ne maigida, ba gemun masara a kansa, shi zai jera suna.

Bayan sallar layya ya zo Wanke da aikinsa na farko da aka buga daga gida. Muna zaune a zauren Hajo, ni da shi da Ɗan'ige da dattawan unguwa. Ya miƙo mini da hannu biyu. Na sa tabarau. Sunan farko Yahaya, wata ɗaliba 'yar Bungudu. Na biyu wani Musa. Can ƙarshe, bayan kowa, Abdu-Wanke.

Na cire tabarau na goge na mayar. Sunan bai motsa ba.

"Wa ya jera wannan?"

"Ni, Baba."

"Da hannunka. Ba bindiga a kanka."

"Ita ta yi aikin. Wata takwas tana kwana tana tashi da murhun nan, har girarta ta ƙone."

"Y ce fa. Ko a ƙa'idar arnan can bayanka take."

"Shi ya sa."

"To in an ambata, me za a ce?"

"Yahaya et al."

"Kai kana ina?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. "Ina cikin Alhaji, Baba."

Ɗan'ige ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ni ban ga abin dariya ba, kuma har gobe ban gani ba. An sace ni a Masar, an tuɓe ni a Ingila, na yi wa farfesa rashin kunya a ofishinsa da furfurata, duk don in fitar da yaron nan daga da sauransu, ranar da aka ba shi alƙalami ya ɗauki kansa ya mayar.

Hajo ta aiko da fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya. Lawali na damana, shi ya kamata ya karɓa bayana. Na sha, na tsallake shi na miƙa wa na gaba, na ce a zagaya da ita duk zauren, tunda ƙarshe yake so a ba shi ƙarshe. Ya naɗe hannu ya jira. Da ƙwaryar ta iso gare shi ba abin da ya rage sai tsaki-tsakin gero a gindi. Ya karkata ta, ya kankare da ludayi, ya shanye, yana wata dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗa na rawa ba sauti. Tun da muka binne Abdu ban ƙara ganin mai irin wannan dariya ba. Na juya fuskata bango, na ce wa Ɗan'ige hayaƙin murhun Hajo ya cika shiga ido.